Yadda Ake Zuwa Suwidin Karatun Musaya, Daga Neman Gurbi Har Dawowa Gida

Na taɓa yin zangon karatu guda a Uppsala, wani birni a Suwidin, ina ɗalibi, kuma tun da na fara koyarwa nake taya ɗalibanmu haɗa takardun irin wannan tafiya. Abin da zan faɗa a nan shi nake maimaita wa duk wanda ya shigo ofishina da wannan magana. Suwidin na fi sani, don haka a kanta zan tsaya. Mai nufin Norwe ko Danmak zai tarar hanyar kusan ɗaya ce, sunayen hukumomi da adadin kuɗi ne suka bambanta.

Ka fara da sanin mene ne karatun musaya. Jami'arka ce ke ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a can, ta tura ka ka yi zango ɗaya ko biyu, ka dawo ka ƙarasa digirinka a gida. Kana nan a matsayin ɗalibin jami'arka, ita za ta ba ka shaidar kammalawa. Tun 2011 Suwidin take karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da suka fito daga wajen Turai, amma ɗalibin musaya ba ya biya, saboda yarjejeniyar ta ɗauke masa. Ribar tafiyar kuwa ita ce ka dawo da sakamakon da za a ƙirga maka a gida. Wanda ya je ya dawo aka ce sai ya maimaita shekara, ya ga ƙasa amma ya yi asara, kuma kusan kullum daga takardar da bai sa an rattaba wa hannu ba kafin ya tashi matsalar take farawa.

Abubuwan da za ka tanada

- Fasfo mai sauran wa'adi. Ba a ba da izinin zama da ya wuce ranar ƙarewar fasfo, don haka idan saura ƙasa da shekara guda, sabunta shi tun yanzu.
- Takardar sakamakonka ta duk zangunan da ka yi, da hatimin ofishin magatakarda, cikin Turanci. Ɗaliban Nijar, Cadi da Kamaru da takardunsu ke cikin Faransanci su nemi fassara daga mai fassarar da hukuma ta amince da shi.
- Shaidar iya Turanci. Wasu jami'o'in sukan karɓi wasiƙa daga jami'arka cewa da Turanci ake koyar da kai, wasu sai da sakamakon IELTS ko TOEFL.
- Taƙaitaccen tarihin karatunka da wasiƙar bayyana dalilin neman tafiya, shafi ɗaya kowanne.
- Asusun banki da sunanka kai kanka, da katin cirar kuɗi da ke aiki a waje.
- Adireshin imel ɗaya da kake dubawa kullum. Da shi za a yi komai.
- Kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da tsohuwa ce.
- Jaka ɗaya ta takardu, da kwafin kowace takarda a waya da kuma a imel.

Duba rubutun sunanka a dukkan takardun. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya koma gaba, je ka gyara ko ka yi takardar rantsuwa a kotu. Wannan ɗan bambancin yakan tsayar da mutum makonni.

1. Gano ko jami'arka tana da yarjejeniya

Shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya, je ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku. Idan ba ka san inda yake ba, tambayi shugaban sashenku ko ofishin kula da harkokin karatu. Tambayoyi uku za ka yi: da waɗanne jami'o'in Suwidin muke da yarjejeniya, waɗanne fannoni ta shafa, kuma akwai tallafin kuɗi a ciki ko babu. Yarjejeniya takan tsaya a kan sashe guda. Ana iya samun ta aikin gona da SLU, jami'ar nazarin aikin gona ta Suwidin, amma ɗalibin shari'a ba shi da rabo a ciki.

Hanyar da ta fi kawo tallafi ita ce shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya samo asali tun 1987, kuma yana da reshen da ke ɗaukar ɗalibai daga Afirka. Jami'ar Turai ce ke neman kuɗin, jami'arka ta zaɓi ɗalibai. Ba ɗalibi ne ke nema kai tsaye ba. Saboda haka duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbin Erasmus ta bayan fage, damfara ce.

Idan babu yarjejeniya fa? Nemi malamin sashenku da ya yi digirinsa a can, ko yake bincike tare da wani a can. Yawancin yarjejeniyoyin daga zumuncin malamai biyu suke tasowa. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku yana iya samun gayyata daga wani farfesa ya je ya yi 'yan watanni a ɗakin bincikensa. In duk wannan bai samu ba, ka haƙura ka gama digirinka da sakamako mai kyau, ka nemi cikakken digiri na biyu daga baya.

2. Samun zaɓi daga gida

Jami'arka za ta tace masu nema, ta aika sunan wanda ta zaɓa. Sai sunanka ya isa can sannan za su turo maka hanyar cike fom. Galibi ana son wanda ya kammala aƙalla shekara ɗaya, ba shi da darasin da ya faɗi yake binsa.

Zangon kaka yana farawa ƙarshen Agusta ya ƙare tsakiyar Janairu. Zangon bazara yana farawa tsakiyar Janairu ya ƙare farkon Yuni. A yawancin jami'o'in ana rufe karɓar takardu wajen tsakiyar Afrilu ga na farko, wajen tsakiyar Oktoba ga na biyu, kuma ranar da suka sa ita ce ranar. Ba a roƙo, ba a "a taimaka". Ɗora wannan a kan kalandar jami'arku ka ga inda suka yi karo, domin tamu takan goce saboda yajin aiki ko wani jinkiri. Na fi ba ɗalibin digirin farko shawarar ya tafi a shekara ta uku. A shekarar ƙarshe akwai kundin bincike, kuma jinkirin shigar da sakamako yana iya hana shi tafiya hidimar ƙasa tare da abokan karatunsa.

A wasiƙar dalili, bar maganar cewa tun kana yaro kake mafarkin zuwa Turai. Faɗi darussan da kake so da sunansu, da abin da babu a gida wanda za ka samu a can, da inda za ka yi amfani da shi idan ka dawo.

3. Zaɓen darussa da yarjejeniyar karatu

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ake yin asarar da na ambata.

A Suwidin cikakken zango maki 30 ne, makonni 20, kuma maki a nan ma'aunin nauyin darasi ne, ba sakamakon jarrabawa ba. Maki ɗaya da rabi yana daidai da mako guda na aiki, wato awa 40 tsakanin aji, karatu da rubutu. Izinin zaman da za a ba ka ya rataya ne a kan cikakken karatu, don haka dole darussanka su cika maki 30.

Tsarinsu ya sha bamban da namu. Mu mun saba ɗaukar darussa takwas ko tara a lokaci guda, a yi jarrabawa duka a ƙarshe. Su kuwa sau da yawa darasi ɗaya ake yi a gama shi, a shiga na gaba. Darasi mai maki 7.5 da aka rubuta masa saurin kashi 100 yana cinye makonni biyar cur, a yi jarrabawarsa a rufe. Mai saurin kashi 50 yana ɗaukar makonni goma, ana haɗa shi da wani irinsa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su zaɓi darussa huɗu masu daɗin suna, su cika maki 30, ashe biyu daga ciki duk masu kashi 100 ne kuma a makonni ɗaya suka faɗo. Ɗauki takarda ka ja layi, ka raba shi gida huɗu na makonni biyar-biyar, ka jera darussan a kai. Kowane gida ya cika kashi 100, kada ya wuce, kada ya gaza.

Duba abu biyu kuma a shafin kowane darasi: harshen koyarwa, da sharuɗɗan shiga. Darussan digiri na biyu da yawa da Turanci ake yi, amma na digirin farko mafi yawansu da harshen ƙasar ne, sai ka tsaya a jerin da aka ware wa ɗaliban musaya. Sharuɗɗan shiga kuma ana bin su tiryan-tiryan. Idan an ce sai wanda ya yi lissafi na maki kaza, za a duba takardar sakamakonka a ƙirga. Ka tanadi bayanin abin da ke cikin darussan da ka yi a gida, daga kundin sashenku, don ka nuna sun yi daidai. Ka kuma zaɓi darussan ko-ta-kwana biyu ko uku.

Daga nan sai takardar da ake kira Learning Agreement, wato yarjejeniyar karatu. A cikinta ake jera darussan da za ka yi a can, da darussan gida da za su maye gurbinsu. Mutum uku ke sa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. Kada ka yarda da alkawarin baki, ko daga malamin da ya fi kowa ƙaunarka ne. Shugaban sashe yana sauka, mai kula da jarrabawa yana canzawa, takarda ce ke zama. Ka tabbata an rubuta darasi kaza na can ya tsaya a madadin darasi kaza na nan mai lamba kaza, an kuma bayyana yadda za a juya makin can zuwa namu. Idan a jami'arku sai kwamitin tsangaya ko majalisar jami'a ta amince, bi takardar har ta fito, ka riƙe kwafi. Ɗaliban Nijar suna da sauƙi a nan, tunda tsarin LMD da jami'o'insu ke bi ma maki 30 ne a zango. A Najeriya kuwa lissafin ya bambanta, sashe ne ke yanke hukunci.

Akwai darussan dole na gida da ba za ka samu makamancinsu a can ba. Ka zauna da mai ba ka shawara a sashe ku rubuta lokacin da za ka yi su bayan ka dawo. Ka kuma yi rajistar zangon a gida ka biya kuɗin makarantarka yadda ka saba, kada a ɗauka ka gudu daga karatu.

4. Lissafin kuɗi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar shige da fice ta Suwidin, Migrationsverket, tana so ka nuna kana da abin da zai riƙe ka duk wata. A 2024 adadin a kuɗin ƙasar kurona 10,314 ne a wata, a 2025 ya koma 10,584, kuma duk shekara ake sabunta shi, sai ka duba na shekararka a shafinsu. Da lissafin 2025, wata biyar ya kama kurona 52,920. Kuɗin cike neman izinin kurona 1,500 ne.

Hujja iri biyu aka fi karɓa: wasiƙar tallafi mai nuna adadi da tsawon lokaci, ko bayanan asusun banki da sunanka. Wasiƙar kawu ko yaya cewa zai ɗauki nauyinka ba ta wadatarwa, sai kuɗin sun shiga asusunka. Kada kuma ka ari kuɗi ka zuba na kwana biyu don a buga takarda ka mayar. Ko ka tsallake hukuma, yunwa da kuɗin haya suna jiranka a can.

Tallafin Erasmus+ ga ɗalibin da ya zo Suwidin daga Afirka yuro 900 ne a wata, da wani dunƙulallen kuɗin tafiya gwargwadon nisa. Lura da abu biyu. Ƙasar ba ta amfani da yuro, kurona take kashewa, kuma idan aka canza yuro 900 ba lallai ya kai adadin da hukuma ke nema ba, sai ka cike giɓin daga asusunka. Sannan sau da yawa sai ka isa ake fara biyan ka, wani kason ma sai ka gama ka cike rahoto. Ke nan kuɗin jirgi, hayar watan farko da abincin makonnin farko daga aljihunka za su fito. Kada ka sa aikin ƙwadago a lissafinka. Mai wata biyar, ba ya jin harshen gari, da wuya ya samu, kuma karatun ba ya barin sarari.

5. Neman izinin zama

Zaman da ya wuce kwana 90 izinin zama yake buƙata, ba bizar ziyara ba. Ranar da takardar karɓa ta iso, ranar za ka shiga shafin Migrationsverket ka cike. Za ka ɗora hoton shafukan fasfo, takardar karɓa, hujjar kuɗi da shaidar inshorar lafiya. Ɗaliban musaya a jami'o'in gwamnati sukan samu inshorar da ake kira Student IN, ta hukumar Kammarkollegiet, kuma jami'ar takan ambata ta a takardar karɓa. Ta shafi rashin lafiyar gaggawa ne, ba ciwon da ka daɗe da shi ba.

Bayan haka za a nemi ka je ofishin jakadancin da ke kula da ƙasarku da kanka, ka nuna fasfo, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Da su ake buga katin izinin zama, kuma sai da katin a hannu za ka hau jirgi. Tsakanin cikewa da karɓar kati a ƙiyasta watanni, musamman daga Mayu zuwa Agusta da masu nema suke yawa. Kada ka sayi tikitin da ba a canza masa rana kafin hukunci ya fito. Idan ka ga lokaci na ƙurewa, rubuta wa mai kula da ɗaliban musaya a can tun da wuri ka tambayi ranar ƙarshe da za a yarda ka iso, ko a ɗaga maka zuwa zango na gaba.

6. Masauki

Ɗakin ɗalibai yana wuya a Sitokholm, Uppsala, Lund da Gotenbag, musamman a watan Agusta. Jami'o'i da dama sukan ware wa ɗaliban musaya ɗakuna, sai dai sai ka nema cikin wa'adi. Ka nema ranar da aka buɗe.

Abin da aka fi samu shi ne ɗakin korido: ɗakinka kai kaɗai da makulli, kicin kuma na mutum goma ko fiye, maza da mata a haɗe. A wasu gine-ginen kowane ɗaki da banɗakinsa, a wasu ana tarayya. Ina gaya wa ɗalibai mata da iyayensu wannan ƙarara tun kafin a yi nisa, don a nemi ɗaki mai banɗaki a ciki, ko ƙaramin ɗaki mai kicin ɗinsa in aljihu zai ɗauka. Haya takan ci daga kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin kuɗin wata.

Idan jami'a ba ta ba ka ba, tambayi ƙungiyar ɗalibai da masallacin garin. Kada ka tura kuɗin kafin alƙalami ga wanda ka gani a Facebook yana cewa yana waje zai aiko da makulli.

7. Haɗa kaya

Rigar sanyin da muke sawa da hunturu ba za ta yi ba. Amma kada ka kashe kuɗi a gida kan abin da ba ka san ingancinsa ba. Mai tafiya a Agusta ya tafi da suwaita biyu da jaket matsakaici, ya sayi babbar riga da takalmi a shagunan gwanjo na can, irin su Myrorna da Erikshjälpen, kafin Oktoba. Mai tafiya a Janairu kuwa cikin tsakiyar sanyi zai sauka, dole ya fito daga jirgi da babbar riga, hular sanyi, safar hannu da takalmi mai kaurin ƙasa. Sirrin shi ne sawa hawa-hawa: ta ciki mai kama jiki, suwaita, sannan babbar riga, domin cikin gine-gine da ɗumi, kana shiga za ka tuɓe. Abaya da hijabi suna hawa kan wannan lafiya lau.

Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje a cikin kayan matafiyi. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a bar su a gida, komai yadda Hajiya ta matsa. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa ma suna da nasu sharuɗɗan. Abin da nake cewa a ɗauka shi ne busassun kayan miya da aka daka aka ɗaure da kyau: kuka, kuɓewa, daddawa, yaji. Ka sa ƙaramar butar roba, domin ba za ka tarar da ita a banɗaki ba, da sallaya, da man shafawa mai kauri. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ɗan Najeriya sai ya sayi adafta. Ka ɗauki kaya ɗaya na gida mai kyau, akwai ranar da za a ce kowa ya nuna al'adarsa.

Mai shan magani kullum ya tafi da wanda zai ishe shi da takardar likita cikin Turanci. Mai sikila ya ga likitansa kafin ya yanke shawara, saboda sanyi yana tayar da ciwon.

8. Makon farko

Ka daidaita isowarka da ranakun tarba da jami'a ta sa. A ranakun ne ake ba da makulli, wani lokaci har da motar ɗauko ɗalibai daga filin jirgi. Filin Arlanda yana tsakanin Sitokholm da Uppsala. Mai zuwa Lund ko Malmo ya fi sauƙi ya sauka a Kopanhagen ya tsallako gada a jirgin ƙasa.

Kada ka dogara da tsabar kuɗi. Bas ba ya karɓa, shaguna da yawa ma haka. Lambar zama ɗan gari da suke kira personnummer sai mai zaman shekara ɗaya ko fiye ake ba, kuma rashinta yana sa buɗe asusun banki wuya, yana hana ka manhajar biyan kuɗi ta Swish da kowa ke amfani da ita. Don haka katin da ka zo da shi ne rayuwarka. Gwada shi tun a gida, ka san iyakar abin da bankinka ke bari a kashe a waje, kuma in da hali ka riƙe biyu.

A makon nan ka yi rajistar darasin farko, ka buɗe asusun ɗalibi, ka sayi layin waya da fasfonka, ka nemi keken hannu na biyu da fitila gaba da baya, domin doka ce idan duhu ya yi. Riƙe lambobi biyu: 112 ta gaggawa, 1177 ta shawarar lafiya. Idan zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko, gaya wa likita daga ƙasar da ake cizon sauro ka fito, don ba zazzaɓin cizon sauro ne zai fara zuwa masa a rai ba.

9. Aji da jarrabawa

Da sunansa na yanka za ka kira farfesa, ba Malam ba, ba ranka ya daɗe. Da nauyi a baki da farko, amma haka suke so. Awannin aji kaɗan ne, sai ka ga kamar hutu kake. Ba hutu ba ne, sauran lokacin na karatun kanka ne, kuma darasin mako biyar ba ya jiran wanda ya yi sanyin jiki a makon farko. Zaman tattaunawa da aikin rukuni galibi wajibi ne, ana so ka yi magana, har ka saɓa wa malami in kana da hujja. A Uppsala da Lund akwai tsohuwar al'adar fara lacca da kwata: an rubuta ƙarfe 10, a fara 10:15. Jarrabawa ba ta cikin wannan.

Sai ka yi rajistar kowace jarrabawa kwanaki kafin ranarta a Ladok, manhajar rajista da sakamakon ɗalibai, in ba haka ba babu kujerarka. Ka je da fasfo. Wanda ya faɗi yana da damar sakewa, amma ranar tana iya faɗowa bayan ka koma gida, don haka ka yi niyyar ci a karon farko. Kwafar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba babban laifi ne, ana tace duk rubutu da na'ura, kuma kwamitin ladabtarwa yana iya dakatar da ɗalibi har wata shida. Ga mai zango guda, tafiyar ta ƙare ke nan.

Idan ka canza darasi bayan ka isa, a gyara yarjejeniyar karatu nan take, a aika gida a sake sa hannu.

10. Duhu, salla da abinci

Duhun ya fi sanyin wahala. A Disamba rana takan fito a Uppsala wajen tara saura, ta faɗi kafin ƙarfe uku. Can arewa a Umeya ya fi haka gajarta. Jiki yakan mutu, barci ya yi yawa, kewar gida ta taso. Ka fita da tsakar rana ko na rabin awa ne, ka tambayi mai kantin magani game da bitamin D, ka rataya ɗan abin nan mai ƙyalli a riga don direbobi su gan ka. Kada ka kulle kanka a ɗaki. Idan an ce a zo fika, wato zaman shan gahawa da ɗan burodi mai zaƙi, ka je, a nan ake sabo. Ba sai ka sha giya za ka yi abokai ba. Ka ce ba ka sha, ba mai matsa maka. Idan damuwa ta yi nauyi, kowace jami'a tana da sashen lafiyar ɗalibai.

A tsakiyar hunturu Azahar, La'asar da Magariba duk sukan shigo cikin kimanin awa uku, lokacin kana aji. Nemi ɗakin natsuwa da yawancin jami'o'i ke warewa, ka riƙa zuwa da alwala. A Yuni kuma rana takan kai bayan ƙarfe goma na dare kafin ta faɗi, shafaƙi ba ya ɓacewa sosai, sai ka bi jadawalin masallacin garin a Isha'i da Asuba. Uppsala tana da masallaci tun 1995, Malmo tun 1984. Juma'a ranar aiki ce, ka duba jadawalinka tun farko ka yi wa malami magana. Daga 2026 zuwa 2028 azumi yana faɗowa wajen Fabrairu, lokacin da yini bai yi tsawo ba.

Cin abinci a waje yana cinye tallafi cikin mako biyu, girki za ka yi. Willys da Lidl sun fi araha. Naman halal yana shagunan Larabawa, Turkawa da Somaliyawa. Haddace kalmomin nan a jikin kaya: fläsk da gris alade ne, skinka naman cinyarsa ne, ka kuma kula da gelatin a alewa. Garin mannagryn yana yin tuwo kamar samo, shinkafar grötris kuma tana tuƙuwa ta yi tuwon shinkafa mai kyau. A kicin na tarayya ka wanke tukunya da ka gama, ka raba shara yadda aka nuna, kuma ɗakin wanki sai an kama lokaci, kada ka shiga na wani.

11. Dawowa

Wata guda kafin ƙarshe, sanar da masu gida ranar fita yadda takardar haya ta ce, ka share ɗakin tas don a mayar maka da kuɗin ajiya. Karɓi takardar shaidar halarta mai ranar isowa da ranar tashi. Sakamakon darasin ƙarshe yakan fito bayan ka bar ƙasar, don haka ka tabbata za ka iya shiga Ladok daga gida, ko ka nemi a aika takardar sakamakon kai tsaye zuwa jami'arka. Wasu darussan da haruffan A zuwa F ake auna su, wasu da U, G da VG, wato faɗuwa, ci, da ci da yabo. Ka nemi takardar da ke bayyana ma'aunin ka haɗa.

Ka fita kafin ranar da izininka zai ƙare. Wanda ya maƙale ya ɓata fasfonsa, ya kuma rufe ƙofa ga ƙannensa, domin jami'ar can tana duba wannan kafin ta sabunta yarjejeniya. Mai son komawa yana da hanya a buɗe: ana neman gurbin digiri na biyu ta shafin universityadmissions.se, ana rufewa tsakiyar Janairu, kuma cibiyar Swedish Institute tana da tallafin cikakken digiri na biyu da 'yan Najeriya ke cikin masu iya nema, ga waɗanda suka yi aiki bayan karatu. Kafin ka taso, roƙi malami ɗaya da ya san aikinka ya yarda zai rubuta maka wasiƙar shaida.

A makon da ka sauka gida, kai wa shugaban sashe da mai kula da jarrabawa kwafin yarjejeniyar karatu da takardar sakamako, a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Ka riƙa leƙawa duk mako har sai ka ga makin ya hau kan sakamakonka na jami'a da idonka.